Yadda ake gane tsutsar ciki da cutar kashin jini a kajin gida, da yadda ake maganinsu

Duk kazar da take yawo a ƙasa tana tono tana tsattsagar abin da ta samu, da wuya a buɗe hanjinta a rasa wata halitta da take rayuwa a ciki tana ci daga abincinta. Wannan kaɗai bai zama ciwo ba, domin babbar kaza mai ƙoshin lafiya tana iya ɗaukar 'yan tsutsotsi kaɗan ta ci gaba da ƙwai babu wata damuwa. Ciwo yana farawa ne idan yawansu ya fi ƙarfin jikinta, ko kuma idan suka faɗa wa ɗan tsakon da garkuwar jikinsa ba ta yi ƙwari ba. A ganina, abin da ya fi jawo wa masu kiwo asara shi ne ba da maganin da bai dace da cutar ba, saboda abubuwa biyu ne mabambanta suke lalata hanjin kaza, alamominsu suna kama da juna, amma maganin ɗaya ba ya taɓa ɗayan ko kaɗan. Wanda ya zuba maganin tsutsa alhali cutar kashin jini ce take cin 'yan tsakinsa, zai iya rasa da yawa daga cikinsu kafin ya gane cewa bai fara magani ba tukuna.

Abin da yake zaune a hanjin

Kashi na farko su ne tsutsotsi. Wadda aka fi gani ita ce doguwar farar tsutsa mai suna Ascaridia galli, wadda macenta takan kai santimita 12, tana zaune a ƙaramin hanji, idan kuma ta yi yawa takan cunkushe ta toshe shi gaba ɗaya. Ƙwanta yana fita a cikin kashi, ya nuna a ƙasa cikin kimanin kwana 10 zuwa 14, wata kazar ta haɗiye shi, bayan mako 5 zuwa 8 sabuwar tsutsa ta fara zuba nata ƙwan. Akwai ƙarama mai suna Heterakis gallinarum da ba ta wuce santimita ɗaya da rabi ba, wadda take zama a cikin tagwayen jakunkunan nan biyu da suke reshe daga ƙarshen hanji. Ita kanta ba ta cika yi wa kaza illa ba, sai dai a cikin ƙwanta take ɗauke da wata ƙwayar cuta, Histomonas meleagridis, wadda take lalata hanta, kuma takan ƙare garken talotalo cikin ɗan lokaci. Sai Capillaria, wadda kaurinta bai wuce silin gashi ba, har ido bai cika kama ta ba, amma ɓarnarta ta fi girman jikinta nesa, domin tana kutsawa cikin fatar hanji da ta jakar abincin da ke gindin wuya, ta bar kaza cikin rama da gudawa. Ta ƙarshe ita ce tsila, mai faɗi mai gaɓa-gaɓa, wadda ba ta shiga kaza kai tsaye daga kashi, sai ta hanyar wata halittar da kazar ta ci, kamar tururuwa da buzuzu da ƙuda da katantanwa.

Kashi na biyu ba tsutsa ba ne sam. Wata ƙwayar halitta ce mai suna Eimeria da ba a ganinta sai da madubin likita, ita take haddasa koksidiyosis, wato cutar kashin jini. An daɗe da sanin iri 7 da suke kama kaji, kowanne da sashen hanjin da yake zaɓa. Tana shiga cikin ƙwayoyin fatar hanji ta hayayyafa a ciki har su fashe, daga nan jini da majina suke fitowa. Abin da ya sa ta fi tsutsa haɗari shi ne saurinta: ƙwanta yana nuna a shimfiɗa mai laima da ɗumi cikin kwana 1 zuwa 2, zagayen rayuwarta a jikin kaza kuma yana kammala cikin kwana 4 zuwa 7. Ta fi kama 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6, ko da yake babbar kazar da aka kawo daga wani wuri tana iya kamuwa idan ta tarar da irin da jikinta bai saba da shi ba. Irin da yake kama kaji ba ya kama mutum, ba ya kama akuya ko tunkiya.

Mataki na farko: a tsaya a kalli garken

Kafin a kama kowace kaza, a tsaya daga gefe da safe lokacin da aka buɗe akurki, a ga wadda ta fito da karsashi da wadda ta tsaya baya. Tambayoyi uku ne za su raba hanya tun daga nan: shekarun kajin da suka kamu, saurin da ciwon ya zo da shi, da kuma yawan waɗanda ya taɓa. Idan ƙanana ne, jiya suna lafiya yau sun taru wuri ɗaya sun takure, gashinsu ya tashi, fukafukai sun zube, idanu a lumshe, sun ƙi abinci, to zargi ya fi karkata ga cutar kashin jini. Idan kuwa manya ne ko matasa, ciwon ya zo a hankali cikin makonni, suna ci amma ba sa ƙiba, ƙwai ya ragu, gwaiduwa ta koɗe, zanko ya yi fari-fari maimakon ja, to tsutsa ce ta fi kusa. Wannan rabon ba hukunci ba ne, domin ana iya samun su biyun a garke ɗaya, amma shi yake nuna abin da za a fara yi wa gaggawa.

Mataki na biyu: a kama kazar a hannu

Gashi yana ɓoye rama, saboda haka sai an taɓa ake sani. A riƙe kazar a shafa ƙashin ƙirjinta da yatsu. Mai lafiya nama ya cika gefensa biyu, wadda ta rame kuwa ƙashin yakan fito da kaifi, gefe da gefe ya lotsa. A duba gashin da ke ƙarƙashin dubura ko ya ɓaci da kashi mai danƙo, a buɗe baki da fatar ido a ga ko jini ya ragu. A nan ne kuma za a buɗa gashin ƙarƙashin fukafukai da na gindin wutsiya a nemi ƙwarƙwata da sauran ƙwarin da ke shan jini, saboda su ma suna kawo rama da farin zanko, kuma an sha ɗora wa tsutsa laifinsu. Idan akwai sikeli a auna nauyin kazar a rubuta, domin za a buƙace shi wajen lissafin magani da wajen sanin ko tana farfaɗowa. Kazar da take miƙa wuya tana buɗe baki tana neman iska, wataƙila jar tsutsar maƙogwaro ce ta kama ta, wadda ba a hanji take ba amma wasu daga cikin magungunan tsutsar hanji suna kashe ta, sai dai cututtukan numfashi sun fi ta yawan kawo wannan alamar.

Mataki na uku: a karanta kashin

Wannan shi ne wurin da ya kamata mai kiwo ya ɓata lokaci, domin nan ake yawan ruɗewa. Kashin kaza mai lafiya yana da kauri, launinsa toka-toka ko ƙasa-ƙasa, da farin abu a samansa wanda shi ne fitsarinta. Amma lokaci zuwa lokaci takan yi wani kashi dabam, mai laushi da danƙo, launin ƙasa ko rawaya-rawaya, mai tsananin wari, wanda yake fitowa daga tagwayen jakunkunan nan. Wannan ba gudawa ba ce, kuma ba ya buƙatar magani. Haka kuma akan ga ɗan jan abu mai kama da tsoka a cikin kashi jefi-jefi, wanda fatar hanji ce da ta saɓule, idan kazar tana cikin karsashi kuma abin bai maimaitu ba, ba abin tayar da hankali ba ne. A lokacin zafi ma kaji sukan sha ruwa da yawa kashinsu ya tsinke ba tare da wata cuta ba.

Hanya mafi sauƙi ta ganin gaskiya ita ce a shimfiɗa farar takarda ko kwali a ƙarƙashin inda suke kwana, a duba da sassafe kafin su tattaka. Jini ja sosai, mai yawa, a kashin ƙananan kaji masu kasala, alama ce mai ƙarfi ta cutar kashin jini, musamman irin da ake kira Eimeria tenella. Sai dai a kiyaye da abu ɗaya, rashin ganin jini ba ya wanke garke daga cutar, domin yawancin ire-irenta ba sa kawo jinin da ido zai gani, sai kashi mai ruwa da majina da tsayawar girma. Doguwar tsutsa takan fito a kashi idan ta yi yawa ƙwarai, ganin guda ɗaya kuwa yana nufin akwai wasu a ciki. Gaɓoɓin tsila suna fitowa farare ƙanana kamar ƙwayar shinkafa a saman sabon kashi, wani lokaci har suna motsi. Capillaria ba za a gan ta ba ko an tona kashin da tsinke.

Mataki na huɗu: gwaji da buɗe gawa

Ido yana kai mutum ga zargi ne kawai, madubin likita ne yake tabbatarwa. A tattara sabon kashi daga kaji da dama, kamar tuli 10 daga wurare dabam-dabam, a haɗa da irin mai danƙon nan, a sa a leda mai tsabta a ɗaure, a ajiye a wuri mai sanyi ba tare da ya daskare ba, a kai wa likitan dabbobi cikin yini guda. Zai dama shi a ruwan gishiri ko na sukari mai kauri, ƙwayayen su taso sama, ya gane irinsu daga siffarsu, ya kuma iya ƙirga yawansu a kowane giram. Sakamakon yana buƙatar a fassara shi da hankali. Ganin ƙwan Eimeria kaɗan a kashin babbar kaza mai lafiya ba ya nufin tana ciwo, kuma rashin ganin ƙwan tsila ba ya nufin babu ita, tunda gaɓoɓinta ba kullum suke fita ba.

Idan wata ta mutu, gawarta tana ɗauke da amsar da za ta ceci sauran, muddin an buɗe ta cikin 'yan sa'o'i. A sa safar hannu, a fito da hanjin gaba ɗaya a miƙe shi, a tsaga shi da almakashi daga ƙundu har ƙarshe. Tagwayen jakunkunan da suka kumbura suka cika da jini ko daskararren abu mai duhu suna nuna cutar kashin jini. Tsakiyar hanji da ya kumbura ya yi ɗigo-ɗigon fari da ja, ko farkonsa da ya yi fararen zane-zane a kwance, su ma ita ce, wasu ire-irenta ne. Doguwar tsutsa da tsila za a gan su ƙarara. Domin Capillaria, sai a kankare fatar hanjin a wanke a ɗan ruwa cikin baƙin faranti a duba a haske. A leƙa hanta ma, idan tana da zagayayyun tabo da suka lotsa, Histomonas ce. Bayan an gama a ƙone gawar ko a binne ta da zurfi.

Akwai yanayin da bai kamata a buɗe gawa ba ko kaɗan. Idan kaji da yawa, manya da ƙanana, suna mutuwa farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kai ya kumbura, zanko ya yi shuɗi, ko wuya yana murɗewa tare da koren zawo da wahalar numfashi, to wannan ya fi kama da murar tsuntsaye ko cutar Niyukasil. A nan sai a nisanci gawar, a hana shiga da fita, a sanar da hukumar lafiyar dabbobi. Farin zawo mai ruwa a 'yan tsaki masu mako 3 zuwa 6 kuma yana iya zama cutar Gumboro, wadda take karya garkuwar jiki har cutar kashin jini ta biyo bayanta.

Mataki na biyar: maganin cutar kashin jini

Idan alamomi sun nuna ita ce a ƙananan kaji, ba a jiran sakamakon gwaji, a ɗebi kashin gwajin a fara magani a ranar, domin kwana ɗaya yana da tsada a wannan cuta. Garken ake yi wa magani gaba ɗaya, tunda wanda bai nuna alama ba shi ma ya riga ya haɗiyi ƙwan. A ruwa ake bayarwa saboda kaza marar lafiya takan bar abinci kafin ta bar ruwa.

Maganin da aka fi amfani da shi shi ne amprolium. Adadin da aka saba shi ne miligiram 120 zuwa 240 na ainihin maganin a kowace lita ta ruwa, na kwana 3 zuwa 5, babban adadin kuwa na lokacin da cutar ta yi tsanani ne. Abin lura shi ne garin da ake sayarwa ba tsantsar magani ba ne. Idan an rubuta kashi 20 cikin 100 a jikin fakitin, to giram 1.2 na garin ne zai ba da miligiram 240 a lita ɗaya, idan kuma ƙarfinsa ya bambanta, lissafin ma zai bambanta, shi ya sa takardar da ke jikin maganin ita ce abin bi. A haɗa sabo kowace safiya, a ɗauke duk wani ruwan da za su iya sha a wani wuri, har da wanda ya taru a ƙasa. Ɗan tsakon da ya kasa tashi a ɗiga masa ruwan maganin a gefen baki kaɗan-kaɗan, kada a ɗura masa, gudun kada ya shiga huhu.

Kuskuren da ake yawan yi cikin kyakkyawar niyya shi ne haɗa amprolium da garin bitamin a mazubi ɗaya. Wannan magani yana aiki ne ta hana ƙwayar cutar samun bitamin B1, saboda haka wanda ya zuba wannan bitamin a ruwan ya rage wa maganinsa ƙarfi da hannunsa. A bari sai an gama kwanakin magani sannan a ba da bitamin, musamman A da K, waɗanda suke taimaka wa fatar hanji ta warke jini kuma ya tsaya.

Idan an yi kwana biyu ana bayarwa daidai amma mutuwa ba ta ragu ba, akwai yiwuwar ƙwayar ta saba da maganin, ko kuma wata cutar bakteriya ta shiga raunin hanjin, abin da yake yawan faruwa. A nan likita zai iya komawa ga toltrazuril, wanda ake bayarwa miligiram 25 a kowace lita na kwana 2, ko magungunan salfa irin su sulfadimidine. Duka biyun ba a ba kajin da ake cin ƙwansu. Magungunan salfa kuma suna illa ga ƙoda idan aka wuce adadi ko kwanaki, ko aka ba da su ga kajin da ba sa samun isasshen ruwa.

Mataki na shida: maganin tsutsa

Tsutsa ba ta da gaggawar kwana ɗaya, saboda haka akwai sararin gano irinta kafin a sayi magani, kuma irin ne yake zaɓar maganin. Piperazine yana shanye jikin manyan dogayen tsutsotsi ne kawai su fita da kashi, ba ya taɓa ƙananansu da ke cikin fatar hanji, ba ya yi wa Capillaria ko tsila komai, don haka wanda ya dogara da shi kaɗai zai ga tsutsa ta fita ya ɗauka an gama alhali rabin aikin ma ba a yi ba. Fenbendazole ya fi shi faɗin aiki, adadinsa a ruwan sha miligiram 1 ne ga kowane kilo na nauyin kaza, kullum har kwana 5, wasu takardun kuma sukan ninka wannan adadin domin Capillaria. Flubendazole a abinci ake gauraya shi, miligiram 30 a kowane kilo na abinci har kwana 7, kuma a wannan makon ba a ba su wani abincin dabam. Levamisole yana kashe zagayayyun tsutsotsi amma ba ya taɓa tsila, tazarar da ke tsakanin adadinsa na magani da na guba kuma ba ta da yawa, don haka ba a auna shi da ka. Tsila ita ce mai taurin kai, galibi sai an nemi praziquantel ta hannun likita. Ivermectin, wanda mutane da yawa suke ɗauka maganin kowace tsutsa ne, ba abin dogaro ba ne a tsutsar hanjin kaji, kuma ba a amince da shi ga masu ƙwai ba.

Lissafin adadi ya cancanci misali. Kaji 20 masu nauyin kilo 1.5 kowace sun zama kilo 30, wato suna buƙatar miligiram 30 na fenbendazole a rana. Idan maganin mai ruwa ne da yake ɗauke da miligiram 200 a kowane mililita, abin da ake buƙata mililita 0.15 ne kacal, adadin da ba a iya auna shi sai da ƙaramin sirinji. A zuba shi a ruwan da aka san za su shanye cikin 'yan sa'o'i, idan sun shanye a ba su ruwa zalla. Babbar kaza takan sha kimanin rubu'in lita a rana, fiye da haka idan ana zafi, shi ya sa yana da kyau a auna abin da garken yake sha kwana ɗaya kafin a fara. Maganin da aka yi domin shanu ko tumaki ba ya narkewa daidai a ruwa, yakan kwanta a gindin mazubi, wata kazar ta sami da yawa wata ta rasa. Kazar da ta rame ƙwarai a ware ta a sa mata ido, domin mutuwar tsutsotsi masu yawa lokaci ɗaya tana iya toshe mata hanji.

Game da tafarnuwa da 'ya'yan gwanda da ruwan khal da makamantansu, ra'ayina shi ne kada a jingina rayuwar kaza marar lafiya a kansu. Wasu tsirrai sun nuna ɗan tasiri a gwaje-gwaje, amma ƙarfinsu ba ya tsayawa a adadi ɗaya, kuma garken da ya riga ya rame ko yake kashin jini ba shi da lokacin jira.

Ƙwai da nama bayan magani

Kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a ci ƙwai ko a yanka kazar, an kuma rubuta su a takardarsa. A ƙasashe da dama an amince a ci gaba da cin ƙwai yayin ba da amprolium, da fenbendazole na kaji, da flubendazole a adadin da aka ambata, amma wannan ya dogara da samfurin da dokar ƙasa. Toltrazuril yana buƙatar mako biyu ko fiye kafin yanka. Duk maganin da ba a rubuta kaji a jikinsa ba, likita ne zai faɗi kwanakin jiransa. Ƙwan da aka hana ci a zubar da shi, kada a sayar, kada kuma a dafa a mayar wa kajin, domin dafuwa ba ta kawar da ragowar magani.

Mataki na bakwai: ƙasa da akurki

Magani yana wanke cikin kaza ne kawai, ƙwayayen da suka haddasa ciwon suna nan a ƙasa, kuma ƙwan doguwar tsutsa yana iya wuce shekara a ƙasa mai laima da inuwa yana jira. Saboda haka a lokacin da ake magani a kwashe tsohuwar shimfiɗa duka a fitar da ita nesa da inda kaji suke kiwo, a kankare daɓen, a wanke mazuban abinci da na ruwa da tafasasshen ruwa. Yawancin magungunan wanke ɗaki ba sa fasa ɓawon waɗannan ƙwayaye. Zafi mai tsanani da bushewa da hasken rana su ne suke kashe su, sai kuma magungunan da aka rubuta ƙarara cewa suna kashe ƙwan koksidiya, wato Eimeria, irin masu amoniya, waɗanda ba a amfani da su sai an fitar da kajin, ba a kuma taɓa haɗa su da bilic saboda hayaƙin da suke tayarwa guba ne.

Kwanakin nunar ƙwai da aka ambata a baya su ne suke tsara aikin shara. Tunda ƙwan Eimeria yana nuna cikin kwana 1 zuwa 2, jiƙaƙƙiyar shimfiɗar da ke kewaye da mazubin ruwan 'yan tsaki kullum ake kwashe ta. Tunda ƙwan tsutsa yana buƙatar fiye da mako, kwashe kashin manya sau ɗaya a mako yana fitar da yawancinsa kafin ya zama haɗari. A ɗaga mazuban su kai tsayin bayan kaza domin kada a yi kashi a ciki, a daina watsa abinci a ƙasa, a gyara duk inda ruwa yake ɗiga ko yake kwanciya. Idan fili ya isa a raba shi biyu, kaji su yi wani lokaci a ɓangare ɗaya, ɗayan ya huta ya sha rana, idan bai isa ba a kwashe saman ƙasar da ta fi gurɓata a zuba sabon yashi. Inda tsila ce matsalar, sai an rage ƙuda da tururuwa da buzuzu a kewayen akurki, in ba haka ba za ta dawo cikin mako 2 zuwa 3.

'Yan tsaki a raba su da manya, talotalo kuma kada ya haɗa fili da kaji ko ya gaji filin da suka bari. Sabuwar kazar da aka kawo ta zauna a keɓe mako 2 zuwa 4, a duba kashinta, a yi mata maganin tsutsa kafin ta shiga cikin sauran. Wani abin da mai kiwo ya kamata ya fahimta shi ne ba a neman ɗan tsako ya tashi bai taɓa haɗuwa da Eimeria ba, domin haɗuwa da ita kaɗan-kaɗan a busasshiyar shimfiɗa ita take gina masa garkuwa. Abincin 'yan tsaki mai ɗauke da maganin kariya yana taimakawa a wannan lokacin, akwai kuma rigakafin da ake bayarwa a kwanakin farko, sai dai ba a haɗa su biyun, saboda maganin da ke cikin abincin yana kashe rigakafin.

Mataki na takwas: a tabbatar maganin ya yi aiki

Cutar kashin jini takan lafa cikin kwana 2 zuwa 3 da fara magani, ko da yake girman waɗanda suka tsira yakan ja baya. Tsutsa kuwa sai an sake kai kashi gwaji bayan kwana 10 zuwa 14 da gama magani, a kwatanta yawan ƙwan da na farko, a kuma sake ɗora kajin a sikeli. Inda ƙasa ta gurɓata sosai, ana maimaita maganin kafin sababbin tsutsotsi su balaga su fara zuba ƙwai, wato bayan kimanin mako 3 zuwa 4 idan Capillaria ce ko Heterakis, ko kafin mako 5 ya cika idan doguwar ce. Bayan an shawo kan lamarin, gwajin kashi duk wata 3 zuwa 6 ya fi ba da magani kowane wata babu dalili, domin yawan bayarwa, musamman a adadin da bai kai ba, shi yake sa tsutsa ta saba da magani.

Idan gwaji na biyu ya nuna ƙwan bai ragu ba, kafin a yanke cewa maganin ya daina aiki a duba abubuwa huɗu: ko an raina nauyin kajin wajen lissafi, ko sun sami wani ruwan ko abincin da babu magani a ciki, ko an tsallake wata rana a cikin kwanakin, ko kuma wa'adin maganin ya wuce ko zafi ya lalata shi a wurin ajiya. Sai an kawar da waɗannan ne za a sauya magani, kuma a sauya zuwa wani dangin dabam, domin fenbendazole da flubendazole da albendazole dangi ɗaya ne, tsutsar da ta saba da ɗaya galibi ta saba da sauran.